Dogo da Bahago

"Ka yi gaskiya, Ubale. Dogo ya kamata su bar wa rufe wasa," in ji Malam Faruk.

Malam Ubale ya tsaya da gyaɗa a hannu, bai kai ta baki ba. Suna zaune a filin besbol na cikin gari, wasan nan na Amurkawa na jifa da dukan ƙwallo da gora, rana ta yi sanyi, saura zagaye ɗaya a tashi, ƙungiyar garin tana gaba da ci ɗaya tal. Can gefen fili masu jifa biyu suna ɗumama hannu, kowa na jiran koci ya nuna shi. Wanda aka nuna shi zai fito a zagayen ƙarshe ya riƙe nasarar, ko ya zubar da ita. A kan mutanen nan biyu Ubale da maƙwabcinsa Malam Faruk suka cinye lokacin zafin bana suna musu.

Su suka raɗa musu suna. Dogo yaro ne, jifansa kamar harsashi, sai dai wani lokacin shi kansa bai san inda ƙwallon za ta ba. Bahago ya manyanta, ƙarfi ya ja baya, sai wayo: ya lanƙwaso ƙwallo, mai gora ya kai wa iska duka. Ubale na Dogo, Faruk na Bahago, ko a harabar masallaci ba sa bari.

To, kun san Bakano da Bazazzage, abokan wasa ne tun kakanni. Ranar da Ubale ya tare a benen nan na Gate City Boulevard, ƙofarsa na kallon ta Faruk, da Faruk Bazazzage ya ji bakinsa na Kananci sai ya ce ashe har Amurka bayinsa suka biyo shi. Shi ne kuma wata shekara ya buga masa waya ya ce an ga wata, Ubale ya sha babbar riga da turare ya tafi idi, ya tarar da filin ajiye motoci wayam, mutane na can suna azuminsu. Mutumin da ya yi maka wannan, yau ya ce ka yi gaskiya?

"Kuma in na taɓa ɓata maka, ka yafe mini," in ji Faruk, idonsa na kan fili.

"Sai na ga abin da ka ƙulla tukuna."

Faruk ya yi murmushi.

A gida Ubale ya kwashe labari ya gaya wa matarsa Mero. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ko bai lura wuyan rigar mutumin ya yi masa yawa ba? Kuma kwanan nan da safe matarsa Sa'adiya ke jan motar, Faruk ɗin da ko wanki ba ya yarda wani ya taɓa masa sitiyari. Ubale ya ce ai duk cikin shirin ne. Wataƙila Bazazzagen ya jiyo Dogo ya ji ciwo a kafaɗa, yana so ya bar shi ya cika baki gaban jama'a ranar Juma'a, sannan ya fito da labarin a yi masa dariya. Ya bi labaran ƙungiyar a waya kaf, kafaɗar Dogo lafiya lau. Wannan ma sai ya ƙara masa zargi.

Ya koma leƙe ta labule. Ya ga Faruk yana hawa bene yana hutawa a tsakiya, ya ce a ransa ya san ana kallonsa ne. Da suka yi kiciɓis ya tambaye shi jiki, Faruk ya ce da sauƙi, ɗan gyambon ciki ne. Ubale ya ce Bazazzage ko ciwo zai yi sai ya haɗa da ƙarya. Faruk ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen bene da hannu biyu, ya daɗe bai sake shi ba. Ya buɗe baki kamar zai sake roƙon yafiyar nan, Ubale ya riga shi da cewa gobe akwai wasa, ya shirya shan kunya.

Washegari ba a je wasa ba. Da hantsi wasu ƙarti biyu suka hau benen da gadon asibiti, suna juya shi a kwana da ƙyar, suka shiga da shi ƙofar Faruk. Ubale na tsaye bayan labule. Ba wanda ke hayar gado don ya tsokani maƙwabci.

Mero ce ta shiga ta fito da maganar. Ciwon daji ne a hanta, likitoci sun ce a kai shi gida. Shi ya hana a faɗa, wai kada a riƙa zuwa ana yi masa kallon tausayi.

Ubale ya sa hula ya tsallaka. Ya tarar da shi an jingina masa filo, fuskar ta zama sai ido. Ya ja kujera, ya gaishe shi, ya yi ta murza carbi. Can ya ce ya sake tunani, gaskiya Bahago ya fi natsuwa, irin wannan aiki na manya ne.

Faruk ya buɗe ido ɗaya ya ƙare masa kallo.

"Me Sa'adiya ta gaya maka?"

"Ba ta gaya mini komai ba."

"Ƙarya kake, Bakano. Riƙe Dogonka, ban karɓi sadaka ba." Ya numfasa. "Ina amsata?"

"Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

"Zan yi shawara," in ji Faruk. Sannan ya lalubo hannunsa ya matse. "Na yafe, bawana."

Ya ƙara kwanaki kaɗan. Ranar Laraba da yamma yana barci, Ubale na gefensa yana sauraron wasa a waya, ya rage murya. Koci ya nuna Bahago. Ya fitar da masu gora biyu sumul, na uku ya maka ƙwallon har bayan katanga, aka cinye ƙungiyar garin. Faruk bai farka ba. Da asubar Alhamis Allah ya karɓi abinsa.

Aka kai shi maƙabartar musulmi can wajen McLeansville, tsakiyar gonaki. Da aka nemi masu shiga kabari, Ubale ya cire takalmi ya sauka, ba wanda ya ce masa ya bar wa samari. Suka karɓe shi, suka kwantar da shi ta gefen dama. Sauran suka fita, shi ya ɗan daɗe a durƙushe yana gyara likkafanin. Ya sunkuya daidai kunnensa.

"Naka suka sa jiya," ya ce a hankali.

Bai faɗi yadda aka tashi ba. Aka miƙo masa hannu ya hau, ya koma cikin sahu ya tsaya, jar ƙasa ta manne a gwiwoyin wandonsa, bai kakkaɓe ta ba.