Masar Sadakar Ɗan Juma

Tun ranar da Ɗan Juma ya saki Shatu, ta koma garin Tsibiri gidan yayanta da Ramla a goye, bai sake sa yarinyar a ido ba. Duk zuwan da ya yi, a zaure ake tare shi, a ce ta yi barci ko an tafi da ita garin Kaya. Sai bana alƙali ya ce uba yana da ikon ganin ɗiyarsa. Ranar Juma'a ya bar wa ƙanensa teburin nama a kasuwar Talata Mafara, ya hau mashin.

Ya iso da hantsi. Garin tsit, kowa yana gona, ko kaza ba ta motsi. A ƙofar gidan wata yarinya tana zaune da kwanon masa a cinya. Goshin mahaifiyarsa ne a fuskarta, sak.

"Malam, karɓi sadaka," in ji ta.

"Sadakar wa, 'yan mata?"

"Ta babana. Ya rasu tun ina goye. Duk Juma'a Inna tana toyawa, ni ina rabawa. Ka yi mai addu'a, sunansa Ɗan Juma mahauci."

Ya miƙa hannu bai san ya miƙa ba. Idonta ya tsaya a kan ɗan yatsan da wuƙa ta gutsure masa tun yana koyon fawa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi ƙafafunsa, ta dubi inuwarsa a ƙasa.

"Ramlatu," ya ce a hankali.

Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta sunkuyar da kai, ta yi magana da kwanon.

"Inna ta ce wata rana za ka zo, da yatsanka guntu. Ta ce in ka kira sunana kar in amsa. Wanda ya amsa kiran mamaci tafiya ake yi da shi."

"Da raina, ɗiyata. Taɓa hannuna ki ji."

"Ta ce haka za ka ce."

Asabarin zaure ya motsa. Ta ƙasansa ya hango ƙafafu biyu masu lalle, tsaye, ba sa gaba ba sa baya. Maganar alƙali tana bakinsa. Yana iya ɗaga murya, ya tara mutane, a shaida mata shi ne ubanta. Amma leɓɓanta suna karanto Ƙulhuwallahu, kuma shi ne abin da take neman tsari da shi.

Ya ja da baya, ya durƙusa nesa da ita.

"Ba tafiya da ke na zo yi ba."

Can ta ɗago ido ɗaya.

"Sadakar tana isa wurinka?"

Ya dubi masar da ke tafin hannunsa, da sauran ɗuminta.

"Tana isa," ya ce. "Yau ma ga ta. In na dawo wata Juma'ar, za ki ba ni da hannunki?"

Ta waiga wajen asabarin, ta dawo da kai.

"In ba ka kira sunana ba."

"Ba zan kira ba."

Ya ci masar a gabanta, ya ɗaga hannu ya roƙa wa Ɗan Juma mahauci rahama. Ta ce amin.