Abin da Inna Ta Faɗa wa Balbela

Mijina, Malam Sammani, ba ya shakkar kowa a kasuwar Ɗambatta, amma da ya ji sallamar mahaifiyata a zaure sai ya tsallake danga. Shekararmu tara da aure, bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ita ma Inna Indo ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "mutumin gidanku". Kowa yana yaba wannan kunya tasu. Ni Zulfa da nake kai saƙo tsakaninsu, ni na san wahalarta.

Bana Malam ya shuka tumatir a bakin dam, a ƙasar da ruwa yake bari idan ya ja baya da rani. Har tumakina biyu muka sayar aka sayi injin ban ruwa. Tumatir ya yi kyau, ya fara fure, sai ruwa ya kama gudu. Kullum Malam ya ƙara tiyo, kullum ruwa ya ƙara nisa, har tiyo ya ƙare, inji ya koma zuƙar laka yana tari. Kwana uku ba ban ruwa, fure ya soma zuba.

A lokacin Inna ta zo mana kwana biyu. A Kwarin Gawo aka haife ta, ƙauyen da dam ya cinye tana 'yar shekara goma sha biyu. Da na ba ta labari sai ta riƙe haɓa.

"Yana bin ruwa a guje, alhali ga marmaro a ƙarƙashin ƙafarsa? Ki ce masa ya daidaita Dutsen Kura da tsamiyar kan tudu, ya gangara kwazazzabo ya tona. Nan muke ɗiba ko da bazara."

Na kai saƙo. Ashe tsamiya uku ce a kan tudun. Malam ya yini yana haƙa, abin da ya samu kwaɗo ɗaya, sai kanta da ta fito masa a hannu.

"Ki tambayo min wace tsamiya," in ji shi.

"Ki ce masa wadda aradu ta tsaga," in ji Inna.

"Ki ce mata biyu aradu ta tsaga."

Raina ya ɓaci. Ga shi a rumfa, ga ta a ɗakina, taku goma tsakaninsu, suna jin numfashin juna, amma ni ce nake safa da marwa, tumatir kuwa yana can yana mutuwa.

Washegari Inna ta yafa mayafi ta ce lalo take sha'awa, kuma sai na bakin dam. Na raka ta. Ban taɓa ganin ruwan ya ja haka ba. Laka ta bushe ta tsattsage, baƙaƙen duwatsu sun fito kowanne da farin zane inda ruwa ya taɓa tsayawa, ga kwazazzabon ya ratsa fili ya gangara. Inna tana tafe tana nuna min: nan turmin Gwaggo yake, can ake shanya rini.

Malam ya hango mu, ya zube ya gaida ƙasa. Inna ta amsa wa sama, ta juya masa baya. Sai ga wata balbela tana kiwo a gefen laka.

"Ke balbela," Inna ta ɗaga murya, "tsamiyar tsakiya ake nufi, mai karyayyen reshe."

Malam ya dafa injinsa. "Kai inji, ka dai ji. To daga bakin kwazazzabo taku nawa?"

"Balbela, ba a ƙirga taku. A bi farin yashi har a taka dutse mai faɗi kamar faifai."

Balbelar ta gaji da mu ta tashi. Inna ba ta fasa ba, ta ci gaba da yi wa gurbinta bayani, ni kuwa na cusa mayafi a baki don kada dariya ta tona ni.

Kafin azahar shebur ya daki dutse. Malam ya share laka, ya tona gefensa. Yashi ya fara danshi, ramin ya kai masa ƙugu, sai ruwa ya ɓuɓɓugo, garai-garai, yana juya yashi. Ya jefa tiyo, ya ja igiya, inji ya ɗauka, ruwa ya bi kwami-kwami ya shiga tumatir. Na yi guɗa ban sani ba.

Ban ga saukar Inna ba, sai ganinta na yi durƙushe a kan dutsen tana shafa wani lotsi a tsakiyarsa.

"Nan uwata take bugun wanki," ta ce.

Ta kamfaci ruwan da tafin hannu ta sha. Shekara hamsin rabonta da shi. Hawaye ya zubo mata, ni ma na ji nawa.

"Bai canza ba," ta ce. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. "Sannu da aiki, Sammani. Allah ya yi maka albarka."

Malam ya saki shebur, ya zauna daɓas cikin ruwan.

A hanyar gida Inna ta rantse ba ta kama sunan kowa ba, kunnena ne. Ban ja ba. Ranar da aka fara tsinka, Malam ya zaɓi kwandon da ya fi kowanne ja, ya dire a gabana yana kallon gefe.

"Ki sa a kai wa balbela," ya ce.