Kaset Bakwai a Kati Ɗaya

Jar fitilar ta ƙifta sau biyu, sannan ta tsaya cak. Koriyar da ke gefenta, wadda ya kamata ta yi ta walƙiya alamar na'urar ta farka, ko motsi ba ta yi ba. Auta ta zare wayar wuta ta mayar, karo na shida ke nan tun safe, ta zuba wa abin ido kamar harara ce za ta tashe shi.

Kwamfuta ce, amma duk girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ɗan koren allo ne tsirara da ta saya bara, ta cusa shi cikin wani tsohon akwatin rediyo na katako, ta haɗa masa lasifika da manyan maɓallai uku. Ita aikin asibiti take yi, a ɗakin gwajin jini; haɗa irin wannan tarkace sha'awa ce kawai ta ranar hutu, wadda 'yan gidan suka daɗe suna yi mata dariya a kai. Wannan karon dai sha'awar ta yi rana. Tun da idanun Baba suka rufe, akwatin ne abokin hirarsa. In ya danna na farko ya ji labarai, na biyu karatu, na uku kuma muryar Inna.

Shekaru talatin da suka wuce, lokacin da gyaran rediyo ya kai Baba wani gari mai nisa har shekara biyu, Inna da ba ta iya rubutu ba ta riƙa ɗaukar maganarta a kaset tana aika masa. Guda bakwai suka taru. Bayan rasuwarta Auta ta juye su cikin katin memori, ɗan abin da bai kai farcen babban yatsa ba. Da damina rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, kaset ɗin suka jiƙe suka manne, ba ta wani damu ba, tunda tana da kwafi a laftof. Sai jiya da akwatin ya mutu ta tuna an canja wa laftof ɗin faifan ajiya, kuma ba ta kwashe komai ba. Yanzu duk duniya babu inda muryar Inna ta rage sai cikin katin nan. Tsoro take ji sosai, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Yayanta direba, wanda ya leƙo gaida Baba ya zarce da ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Ke dai kina son wahalar da kanki. Ki goge katin ki sake zuba mata komai. Haka mai shagon waya ke yi, minti goma an gama."

Ta sake zare wayar ta mayar.

Baba yana kujerarsa bakin taga, hannuwansa bisa gwiwa. Ya juyo da kunnensa wajen teburin, don shi yanzu da kunne yake kallo.

"Auta, tun ɗazu nake jin kina zarewa kina mayarwa. Mara lafiya kike dubawa, ko marinsa kike yi?"

"Ta ƙi tashi ne, Baba."

"Na ji ta ƙi. Yaushe kika canja mata waya?"

Ta ɗago da sauri. Mako uku ke nan da aka matsar da gadonsa kusa da taga, tsohuwar wayar ta kasa kaiwa, ta sayo doguwa a bakin titi. Ita har ta manta.

"Tun ran nan take shaƙewa," in ji Baba. "In na ƙara murya sai ta yi ɗif, ta ɗan jima ta dawo. Na ɗauka kin sani. Miƙo min wayar."

Ya bi ta da yatsu tun daga kai har gindi, a hankali, yadda tela ke bin ɗinki. Ya lanƙwasa ta, ya auna nauyinta a tafinsa, ya taɓe baki.

"Roba kika sayo. Tagullar cikinta ba ta fi silin gashi ba. Je ki ɗauko min mitata, tana saman kwaba cikin gwangwani."

Mitar awon wutar ta girmi Auta. Gilashinta ya tsage ta gefe, amma allurar na nan da ranta. Baba ba ya ganin allurar, sai dai hannunsa bai manta inda ake murɗawa ba. Shi ya saita, ya ce ta fara cire katin ta ajiye shi nesa, sannan ya nuna mata inda za ta dangwala, ita kuma ta karanta.

"Nawa abin naki yake ci?"

"Bolt biyar."

"A bakin caja nawa kika gani?"

"Biyar cif."

"To koma can ƙarshe, a jikin allon."

Allurar ta hau, ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, tana rawa. "Huɗu da rabi ma bai cika ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Yunwa ce. Abinci yana fita daga tukunya, a hanya yake zubewa. Shekara arba'in ina gyara, rabin rediyon da aka kawo min lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa. Ku kuma yaran yanzu sai ku fara da fasa kai."

Ta yi masa bayanin cewa in wuta ta yanke kwamfutar tana tsakiyar rubutu a kati, rubutun kan hargitse. Ya gyaɗa kai tun ba ta ƙarasa ba.

"Kamar kaset in batir ya yi sanyi, sai ya tauna zare. Na gane."

Ta sa katin a laftof. Ya bayyana, ya ɓace, ya sake bayyana. Baba ya ce a ba shi, ya nemi magogin fensir, ya goge 'yan haƙoran katin sau uku da wata irin lallaɓawa, ya hure. Da ta mayar sai ya zauna daram, amma wani saƙo ya fito a fuskar laftof ɗin.

Yaya ya leƙo ta kafaɗarta. "Kin ji ba! Shi ma cewa ya yi a goge. Danna mana."

"Karanta min," in ji Baba.

"Wai ba ya gane abin da ke ciki, ko ina so ya share ya gyara shi."

"In ya share, ina muryar uwarku?"

Nan ta kasa ci gaba da ɓoyewa. Ta faɗa masa komai, yoyon rufi da faifan da aka canja da sakacinta, hawaye na zuba. Yaya ya janye hannunsa daga kan tebur kamar ya taɓa wuta. Ta jira faɗa, don ta san ta cancance shi.

"Na sani tun jiya," Baba ya ce. "Ba a ƙin cin abinci saboda akwatin katako. Share idonki, aiki ne a gabanmu. Ni ban taɓa sa dalma a jikin rediyon mutum ba sai na zana duk abin da na tarar a takarda, waya bayan waya, har da kuskuren wanda ya riga ni taɓawa. In na ɓata, ina da hanyar komawa. Abin nan naku, ana iya zana shi?"

Ana iyawa. Akwai hanyar ɗaukar hoton kati gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau, ba tare da an canja masa ko ɗigo ba. Ta sha karantawa, ruɗewa ce ta kore shi daga kanta.

"To zana. A jikin zanen za ki yi tiyatarki, shi kuwa na asali ki naɗe shi a takarda ki ba ni."

Aikin ya ci awa biyu. Wani wurin kwafin ya wuce sumul, wani wurin ya cije, ya sake gwadawa, ya tsallake. Auta tana zaune tana kallon Baba ta gefen ido. Ko sau ɗaya bai tambaya ko an kusa ba. Mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ga shi ya bi ciwon tun daga soket har kati ba tare da ya tsallake tsani ɗaya ba. Alfahari ya cika ta, har da 'yar kunya. Yaya kuwa, da bakinsa ya mutu, aka aike shi ya jawo soket kusa da gado, ya kuma sayo sabon kati da gajeriyar waya mai kauri. Sai da Baba ya murza ta a yatsu kafin ya yarda a biya shi da godiya.

Bayan la'asar ta gama zuba tsarin aikin kwamfutar a sabon kati, ta mayar da abin da ta ceto daga kwafin. Kaset shida sun fito lafiya, na huɗu ne ya guntule. Ta jona wuta. Jar fitila ta tsaya ƙyam, koriya ta shiga walƙiya. Ta danna maɓalli na uku.

Shiru.

Ta sake dannawa, ta ƙure murya, babu ko tari. Yaya ya fara salati.

Baba ya lalubo wayar lasifikar ya zare, ya lashi yatsa ya taɓa bakinta. Lasifikar ta yi gurnani, buuu.

"Wannan lafiyarta lau. Fitilar taki tana wasa?"

"Tana yi."

"To magana tana fita, wata ƙofar take bi. Ƙofa nawa gare ta?"

Biyu ne. Sabon tsarin yana tura sauti ta ramin talabijin, inda babu abin da aka jona. Layi ɗaya na rubutun saitin ta gyara. Ta danna.

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya baƙunta..."

Yaya ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Baba ya saurara kaɗan, fuskarsa ba ta nuna komai ba, sannan ya ce, "Sa min guntun. Ina so in ji inda ya tsaya."

Ta sa. Inna ta ba da labarin rijiyar da aka yashe, da maƙwabciyar da ta haihu, sai ta kwashe da dariyar nan tata mai shaƙewa.

"Ita kuwa Autarka ta fara tafiya, mun shiga uku. Jiya na same ta ta ɓalle bayan rediyon gida, ta jera batura a ƙasa tana leƙen ciki. Wallahi Malam, in ka dawo sai ka—"

Ƙit. Lasifikar ta yi tsit.

Auta ta sunkuyar da kai. "A nan ya yanke, Baba. Minti goma sha ɗaya babu. Ka yafe min."

"'...sai ka ɓoye kayan aikinka,'" Baba ya ƙarasa, da irin jan muryar Inna, "'don yarinyar nan hannunka ta ɗauko.' Daga nan ta koma maganar kuɗin makarantar wannan." Ya nuna wajen Yaya da haɓa. "Sannan ta ce in daina shan shayi ba abinci."

Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ki yi kwafi biyu, ɗaya ki ba yayanki ya kai gidansa. Yanzu kunna abin ɗaukar maganar nan naki, ki matso da shi kusa. Minti goma sha ɗaya kika ce ko? Mu yi tun ina tunawa."