Hannuwan da Suka Kai Tormod

Iska ta hana jirgin fito zuwa tsibirinmu tun ranar da Tormod ya rasu. A jirgin nan ya kamata 'ya'yansa maza su iso daga Glasgow, da jikoki, da duk wanda ya bar gida ya tafi neman abin da bai ajiye ba. Ga gawa a ɗaki, ga gobe Lahadi, kuma ba ma binne mutum ran Lahadi. Dole sai yau.

Tun safe ba wanda ya zauna. Seonag, 'yar marigayin da ta yi jinyarsa, ta ɗora shayi ta sauke, ta leƙa taga, ta sake ɗorawa. Ni kuwa na je gaɓa na dawo, na sake komawa, alhali na san babu abin gani sai kumfa.

A nan ba a sa mamaci a mota. Daga ƙofar gidansa har maƙabarta can bakin rairayi, a hannu ake kai shi. Maza su yi layi biyu a bayan makara, masu riƙe su saki su koma baya, na baya su karɓa, ba tsayawa, kuma akwatin gawar ba ya taɓa ƙasa sai a kabari. Haka Tormod ya ɗauki ubana, haka ya ɗauki uban kowa. Wanda ya yi wa mutane wannan, abin kunya ne a rasa mai yi masa.

Da muka taru a ƙofar gida, Ruairidh dattijon coci ya dube mu ya ce, “Fearchar, mu ke nan?”

Na ce, “Kana da ido, Baba.”

Da ƙyar muka isa cika makarar, balle a sami masu canji. Rabinmu kuwa masu ciwon gwiwa ne.

Eachann maƙwabcinsu ya gyara murya. “Ga tarakta a bayan gida fa. Na wanke tirelar tas.”

Seonag ta ce daga bakin ƙofa, “Tirelar da ka kwashe kashin tumaki da ita jiya?”

“Na ce na wanke, Seonag.”

“Kai ma ai ka yi wanka, Kawu, amma daga nan ina jin ka.”

Wani ya ƙunshe dariya, Ruairidh ya harare shi. Aka yi addu'a, muka ɗaga. Mata suka tsaya a ƙofa kamar kullum, don ba sa bin gawa.

Tormod ba ƙaramin mutum ba ne, akwatin ma katako ne na gaske. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mun lallaɓa. Da muka fara hawan tudu sai iska ta doke mu a gefe, ruwa na shiga ido, hannu ya fara zamewa. Kowa na waiwaye yana neman mai karɓa, babu kowa a baya sai laka. Ruairidh yana gabana, ina jin numfashinsa yana fita kamar zuga-zugi. Kusurwarsa ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa.

Eachann ya ce, “Jama'a, mu ɗan ajiye shi. Wa zai gani?”

Na ce, “Kai za ka gani. Ɗaga!”

Faɗa ce kawai, ni ma yatsuna sun mutu.

Sai ga Seonag a gefen Ruairidh, gashinta jagab. Ashe ta biyo mu daga nesa, sauran matan unguwa, su Oighrig, na bayanta da takalman roba. Ta sa hannu kusa da nasa.

“Yarinya, koma gida,” in ji shi, yana haki. “Nan ba wurin mata ba ne.”

“Baba Ruairidh, ko hannuna ko ƙasa. Ka zaɓar wa abokinka ɗaya.”

Ya dubi lakar da ke ƙarƙashin akwatin, tazararsu ba ta kai taƙi ba. Muna ta tafiya a karkace, ba wanda ya tsaya. Sannan ya zare hannunsa.

“To ki ɗaga da gwiwa,” ya ce, “ba da baya ba. Ke Oighrig, karɓi Fearchar, kin ga ya kusa faɗuwa don girman kai.”

Na saki, na koma baya, na tarar da layi biyu na mata, kowace ta san inda za ta tsaya. Shekara da shekaru suna kallonmu daga ƙofa, ba sai an koya musu ba.

Na san akwai waɗanda za su yi surutu a waya daga birni, su ce an karya al'ada. Wanda bai zo ya sa hannu ba, to ya riƙe bakinsa.

A bakin kabari akan sauke akwati da igiyoyi, ta wajen kai kuma ta babban ɗa ce. Ruairidh ya juya igiyar a hannunsa, ya dubi teku, babu jirgi. Ya kira sunan Seonag da ƙarfi yadda ake kiran na maza, ya miƙa mata. Muka sassauta a hankali har akwatin ya zauna a kan rairayi.