Baƙi a Ɗakin Yara

Malama Taiba ta fi shekara ashirin tana riƙe da makullin ɗan laburaren da ke bayan tasha a Talata Mafara. Tsofaffin malaman makaranta ne suka haɗa kai suka gina shi tun tana budurwa. Akwai ɗaki babba na manya, da ƙarami na yara mai tabarmi da gajerun kantoci, sai wani ɗan sito a baya. Kwamiti ne ke kula da shi, kwamitin kuma da mutanen gari ya dogara. Da kaka manoman Bakolori su kawo shinkafa, mai buhu da mai tiya, a sayar a ba Malama ɗan abin sabulu, a sayi jarida, a toshe inda kwano ke yoyo kafin damina. In jarrabawa ta matso 'yan sakandare su cika wurin har kan dakali. Babban abin shekara kuwa shi ne Makon Karatu, inda ake gayyato 'yan firamare daga Mafara da Bakura da Morai su yi gasa, a raba littattafai da fensir.

A da har ƙauyuka ake kai akwatin littattafai a kan babur, a bar shi wata guda a hannun wani malami, a koma a ɗauko. Damaga ta ƙasar Maradun tana cikin wuraren da ake kaiwa. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga sai aka daina, ba tare da wani ya ce a daina ba. Shinkafar gudummawa ma ta riƙa raguwa, don gonakin nesa an bar su. Taiba ta saba da wannan raguwar kamar yadda ta saba da ciwon gwiwarta. Kullum da safe ta zo ta buɗe, ta share, ta zauna.

Wata ranar Laraba cikin damina, Alhaji Ɗayyabu ya tsaya da a-kori-kura a ƙofar laburaren. Shi ne shugaban kwamiti, ɗan kasuwar shinkafa ne, kuma rabin abin da ke shigo wa laburaren daga hannunsa yake fitowa. A bayan motar akwai wata dattijuwa da matan 'ya'yanta biyu da yara ƙanana, da ƙullin kaya, da akuya ɗaure da igiya.

Suka gaisa da Taiba, aka tambayi gida da yara da ruwa da gajiya. Sannan Alhaji ya rage murya.

"Malama, wannan Adda Husaina ce, daga Damaga. Mijinta abokin cinikina ne tun da can, Allah ya jiƙan shi. An tashe su. Gidana ya cika har zaure, wallahi babu inda mutum zai miƙe ƙafa. Ki ara mana ɗakin yara na kwana biyu kafin in samo musu wuri."

Taiba ta dubi matar. Doguwa ce siririya, ta riƙe ƙwarya a ƙirji, ba ta kallon kowa.

"To littattafan fa, Alhaji?"

"A sa su sito. Kwana biyu ne."

Taiba ta buɗe ɗakin yaran. Ita da matan suka kwashe littattafan yara cikin kwalaye suka jibge a sito, aka jingina kantocin a bango. Kafin la'asar an kafa murhu a bayan ginin.

Damina ta wuce suna nan. Alhaji bai samo wuri ba, Taiba kuma ta daina tambaya, don duk lokacin da ta tambaya sai ya kama gemu ya ce ana ƙoƙari. Zaman bai zo da sauƙi ba. Hayaƙin girki yana bi ta taga ya shiga ɗakin manya, masu karatu suna tari. Jariri ya yi kuka, wani ɗalibi ya tattara takardunsa ya fita yana tsaki. Akuyar ta cinye rabin jaridar da aka shanya bayan ruwa ya jiƙa ta. Iyayen da ke turo yaransu ranar Asabar suka daina, tun da babu inda za su zauna.

Adda Husaina ba mai yawan magana ba ce. Kafin Taiba ta iso da safe ta riga ta share harabar tas, har da ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Tana dama fura ta aiko mata a ƙaramar ƙwarya. Wata rana Taiba ta ɗaga murya a kan yaran sun zana bango da gawayi, Adda ta fito da tsumma da ruwa ta durƙusa tana gogewa da kanta.

"Adda, bar shi, ba ke na ce ba."

"Jikokina ne, Malama. Ni ce."

Taiba ta koma kujerarta ranta babu daɗi, ba ta san haushin wa take ji ba.

Da kaka ta zo aka kira taron kwamiti don shirin Makon Karatu. Abin da manoma suka kawo bai taka kara ya karya ba, kowa ya gani da idonsa, ba a ma tsaya lissafi ba. Sai Malam Mukhtar, sakataren kwamitin, matashin malamin sakandare mai zafin nama, ya miƙe da albishir. Ya ce ya yi magana da wata ƙungiya a Gusau mai taimakon ɗakunan karatu. Sun yarda za su turo mutane ranar rufe Makon Karatu su ga wurin. In ya yi musu, za su sa sola, su kawo sababbin littattafai.

"Amma ɗakin yara suka fi damuwa da shi," in ji Mukhtar. "Shi suka ce za su fara dubawa. In suka tarar da tukwane da katifu, magana ta ƙare."

Wani dattijo ya ce a gaya musu gaskiya kawai, ai su ma sun san halin da ake ciki. Mukhtar ya ce ya san irin mutanen nan, takardarsu ba ta da gurbin wannan bayanin. Alhaji Ɗayyabu ya ce a kawar da su Adda Husaina na yini biyu, a yi fenti, baƙi su zo su tafi, a maido su.

"A kai su ina?" Taiba ta tambaya.

Duk suka juyo suna kallonta. Gidanta babu kowa sai ita, tun da maigidanta ya rasu 'ya'yanta kuma suka yi aure. Ta gane amsar kafin a faɗa.

Ita aka bar wa sanar da Adda. Ta same ta a bayan ginin tana tsince wake. Ta zauna a kan turmi, ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce baƙi ne za su zo, ta ce fenti ne za a yi, warinsa ba shi da kyau ga jariri. Adda ta saurara har ta gama.

"Kada baƙin su gan mu ke nan," ta ce.

"Ba haka ba ne, Adda."

"Ba komai, Malama. Yaushe za mu tashi?"

Ranar da aka sa, suka ɗaure kayansu kamar yadda suka zo da su. Taiba ta ce su bar katifu a sito tun da za su dawo, Adda ta ce a'a, a tafi da komai. Mai kura ya yi sawu biyu zuwa gidan Taiba, akuyar tana biye.

Mukhtar da abokansa suka shafe ɗakin da shuɗin fenti. Taiba ta fito da kwalayen daga sito. Na ƙasa sun sha laima, gara ta shiga wasu, ta ware waɗanda suka rage ta jera a kantoci, ta baje su yadda za su cika ido. Gwiwarta ta kumbura don tsugunno. Aka ari kujeru a makarantar Islamiyya, aka ari lasifika wurin mai sanarwar biki, wani tela ya ba da kyautar kyallen da aka rubuta maraba a kai.

Ranar rufewa yara suka zo cikin kayan makaranta, na Bakura a motar haya da wani ɗan kasuwa ya biya musu, na Morai a kan babura. Aka jera su a ƙarƙashin rumfa tun hantsi. An ce kada a fara gasa sai baƙi sun iso. Rana ta take, yaran suka fara hamma, masu ƙosai da ruwan leda suka yi ciniki. Mukhtar yana ta kai da kawo a bakin titi da waya a kunne. Bayan azahar ya dawo ya tsaya kusa da Taiba, bai dube ta ba.

"Sun ce ba a ba su izinin bin hanyar ba yau. Wai sai wani lokaci."

"To," in ji Taiba. "A fara."

Aka yi gasar a gurguje, don na nesa su koma da sauran rana. Wata yarinya daga Morai mai suna Kausar ta zo ta ɗaya, ta karanta shafinta ba ta yi tuntuɓe ba, malaminta ya yi ta murna kamar shi aka ba kyautar. Alhaji Ɗayyabu ya yi jawabi, ya gode wa manoma, bai ambaci baƙin ba. Kafin la'asar sakaliya an watse. Taiba ta tsaya har aka mayar da kujerun mutane, ta kulle, ta kama hanyar gida a hankali.

Ta tarar an share tsakar gidanta, an cika randuna, tuwo yana kan wuta. Kayan Adda kuwa suna nan a ɗaure a zaure, ba a kwance ko ɗaya ba.

"Sannu da aiki, Malama. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Adda. Ba su ma zo ba. Gobe in Allah ya kai mu sai ku koma, fentin ya bushe."

Adda ta ci gaba da tuƙa tuwo. Sai da ta sauke tukunyar ta yi magana.

"Ba za mu koma ba. Ina da ƙane a Bakura, yana aikin gadi a wata gona. Na aika masa, ya ce mu zo, akwai rumfa."

"Rumfa, Adda? Da sanyin nan da ke tafe? Ku zauna nan gidana mana. Ga ɗakuna babu kowa."

"Allah ya saka da alheri. Kin yi mana abin da dangi bai yi ba. Amma na gaji da zama inda za a ce in ɗan matsa. Ke ma kin gaji, ina gani. Ɗakin na yara ne, a bar musu."

Taiba ta roƙe ta sau da yawa, ta ce laifin kwamiti ne, ta ce ita ma ba da son ranta aka yi ba. Adda ta ce ta sani, ba ta riƙe kowa a zuci ba. Washegari da safe aka samo mota mai zuwa Bakura. Taiba ta cusa mata zane biyu da ƙullin gero, ta tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana.

Da Alhaji Ɗayyabu ya ji, ya zo laburaren ya zauna a kan benci. Daga baya ya ce zai aika musu da buhun shinkafa, kuma ya aika. Mutanen Gusau ba su sake kira ba. Mukhtar ya bi su da waya na ɗan lokaci, sannan ya bar zancen.

Ɗakin yara ya koma na yara. Asabar ta farko mutum uku suka zo, ta biyu suka ƙaru. Taiba takan shimfiɗa musu tabarma ta koma ɗakin manya, don ƙafarta ba ta barinta ta zauna ƙasa ta karanta musu kamar da. A taron kwamiti na gaba ta ce baɗi a nemi wanda zai shirya Makon Karatu, ita dai za ta ci gaba da buɗewa da rufewa. Aka yi ta ba ta baki, ba ta canja ba, Mukhtar ya karɓa.

Cikin bazara wata mai kawo nono daga Bakura ta shaida mata cewa Adda Husaina tana sayar da fura a bakin kasuwarsu, jaririn nan kuma ya yi fama da tari amma ya warke. Taiba ta ce in ta koma ta gaishe ta da kyau, ta ce mata tana nan tafe in gwiwa ta yi sauƙi. Matar ta ce za ta faɗa. Taiba ta biya kuɗin nononta, ta koma ciki, don 'yan jarrabawa sun fara taruwa kuma benci ɗaya ya karye, sai ta nemo kafinta.