Shafi na Tara

Mai sasanci ya turo mata biro. Ɗakin ba ko taga, sai dogon tebur da na'urar sanyi mai gunji. Lauyan masana'anta na zaune a gefe. Kusa da shi shugaban sashen ɗinki ne, mutumin da ya kulle ta a ɗakin ajiyar yadi wata biyu da suka wuce, ta ƙwaci kanta da ƙyar. Farcensa yake dubawa.

"Ranka ya daɗe, ni kotu nake so," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Baiwar Allah, ai ba ki da wannan damar. Ranar da aka ɗauke ki aiki kin sa hannu a yarjejeniya. Shafi na tara: duk rigimar da ta taso, a nan ake kashe ta."

Ta tuna ranar. Dogon layi, rana na dukan ka, wani na ta cewa a yi sauri. Wa ya tsaya karatu?

Hukuncin bai ɗauki minti goma ba. Babu shaida, in ji shi. Za a mayar da ita sashen guga, bisa sharaɗin ba za ta faɗa wa kowa ba. In ta buɗe baki, kora ce, kuma ita za a kai ƙara. Ta tuna Inna, ta tuna aikin nan ne ke riƙe da gidan. Ta sa hannu.

* * *

A bakin ƙofar fita sakataren ƙungiyar ma'aikata ya tare ta. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Masu masana'antar ke zaɓar mai sasancin, ta yaya zai kayar da su? Shekara uku muna bin majalisa a gyara dokar nan, kullum sai an jima." Ya rage murya. "Ke ce ta huɗu."

"Su waye sauran?"

"Ban isa in faɗa ba. Su ma ba su isa ba."

* * *

Ranar Laraba da yamma ta dawo gida ta tarar da ƙanwarta, Auta, tana juyi a tsakar ɗaki cikin shuɗiyar rigar ma'aikata.

"Yaya, sun ɗauke ni! Tsohon sashenki ma!"

Yaya ta dubi rigar.

"Kada ki je."

"Saboda me?"

"Na dai ce kada ki je."

Inna ta ajiye tsintsiya. "Yau ga ikon Allah. Yarinya ta shekara biyu tana zaman kashe wando, yanzu kuma baƙin ciki za ki yi mata? In da dalili, faɗe shi mu ji."

Yaya ta tuna sharaɗin. Inna ba ta iya riƙe magana. Kafin gobe duk layin ya ji.

"Kin sa hannu a takardun?" ta tambayi Auta.

"Tun da safe. Yo wa zai tsaya karanta wannan tulin?" Auta ta yi dariya, ta kamo gefen rigar. "Dubi, kamar buhu. Don Allah rage min ita."

Yaya ta durƙusa, ta cika baki da fil, ta fara kama ƙugun rigar.

"Shugaban sashen kuwa akwai kirki," in ji Auta. "Ya ce gobe shi da kansa zai zagaya da ni."

Hannun Yaya ya tsaya. Sai ta shiga zare fil ɗin da ta soka, ɗaya bayan ɗaya, har rigar ta sake sauka yalo-yalo.

"Bar ta haka," ta ce. "Ta yi miki daidai."