Ƙwaryar Fura Mai Ɗinki

"Inna, wa ya ɗinke Baba kamar ƙwaryarmu ta fura?"

Karimatu ta saki muciya, ta rufe bakin 'yarta Tasalla da tafin hannu. Mijinta Jinaidu yana alwala a gindin dogonyaro, wuyan rigarsa a buɗe, tabon ya miƙe daga ƙasan maƙogwaro har bakin ciki. Ya soma dariya, sai ya dafe ƙirji ya bari.

Shekarar samun mulkin kai ce. En'e ta tura shi Ingila koyon aikin dabbobi, a can ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka tsaga ƙashin ƙirjinsa, suka gyara zuciyar. Da zai dawo suka ce kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi sai ƙashin ya haɗe.

Sai ga Babbar Sallah. A Ƙofar Dundaye ta wancan zamani, Jinaidu ne ke kayar wa maƙwabta ragunan layya tun yana saurayi, don ɗan gidan mahauta ne. A ƙofar gidansu ake feɗewa, a kafa raguna jikin sanduna kewaye da wuta, ƙamshi ya cika unguwa har magariba.

"Malam, bana ka bar wa ƙanenka Illo," in ji Karimatu.

"Illo? Wanda bunsuru ya kora har cikin masallaci bara?"

Ya fita. Ta kafa ido a tsagar ƙofar zaure. Ya kai ragon farko ƙasa kamar da, maza suka yi ta sa masa albarka. Ita kaɗai ta ga yadda ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a cikin riga, gumi yana tsattsafo masa. Ga liman, Malam Maccido, yana jawo nasa ragon, ƙato kamar maraƙi.

Ba ta iya shiga cikin maza, ba ta iya kiran sunansa. Ta koma madafa, ta ɗauko ƙwaryar nan mai ɗinki, ta cika ta da ruwa har baki, ta miƙa wa Tasalla.

"Kai wa babanki. Da hannu biyu."

Kafin yarinyar ta isa, ruwan ya bi ɗinkin ya jiƙa mata kayan sallah.

"Baba, ga shi in ji Inna. Sha maza, ɗinkin ya buɗe. Ruwan ya yi mata nauyi."

Jinaidu ya daɗe yana kallon ɗigon ruwan a kan ƙasa. Liman ya yi gyaran murya.

"Illo, zo kama. Kai kuwa Jinaidu, zauna nan kusa da ni, ka riƙa faɗa masa inda zai sa gwiwa."

Da la'asar yana kwance a tabarma, numfashi sama-sama.

"Tsamin jiki ne kawai," in ji shi.

Duk da haka ta aika aka kira malamin asibiti. Ya danna nan, ya danna can, ya ce ƙashi bai motsa ba, amma saura kaɗan. Ta tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta ɗora masa. A waje yara suna ihu, wani rago ya sake kwasar Illo da gudu. Jinaidu ya juya kai wajen ƙofa, bai tashi ba.

Kai mai karatu, in an taɓa ɗinke wani naka, kada ka jira ya ce yana jin ciwo. A gaban mutane ba zai faɗa ba.